Damunar da Muka Ɗaure Tanko

Bana ruwa ya yi mana wasa. Ya sauko sau ɗaya, gero ya tsiro ya kai tsawon ɗan yatsa, sai sama ta bushe kwana ashirin da huɗu. Da hantsi in ka shiga gona sai ka ga ganyen ya nannaɗe, yashi kuma ba ya takuwa ba takalmi. A cikin wannan tsaikon ƙanena Habu ya zo gida.

Ni Lawali, manomi ne a wani ƙauye kusa da Dogo-Dogo, nan aka haife ni, nan na tsufa. Habu uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, na ba shi shekara biyar. Shi ya bi duniya, yanzu shekararsa ashirin da biyu a Amurka yana tuƙa taksi. Wannan zuwan ya taho da wani ɗan littafi da ba ya rabuwa da shi. Ya ce takardar zama ɗan ƙasa yake nema, kuma kafin a ba mutum sai ma'aikacin gwamnati ya zaunar da shi ya yi masa tambayoyi a kan yadda ake mulkin ƙasar. Tunda babu noman da za a yi, sai mu wuni gindin bishiyar bedi da ke ƙofar gida, yana karantawa da turancinsu yana juya mini da Hausa.

"Yaya, su mulki kashi uku suka raba shi," in ji shi. "Majalisa ita ke yin doka, ita ma ɗaki biyu ce. Ɗaya kowace jiha mutum biyu take turawa, ɗayan kuma gwargwadon yawan jama'arta. Shugaban ƙasa shi ke aiki da dokar, shekara huɗu ake zaɓensa. Sai kotu, babbarta alƙalai tara, su ke duba ko dokar ta saɓa wa tsarin mulki."

"To me ya sa aka wahalar da kai haka? Ba sai a bar wa mutum ɗaya ba?"

"Don kada wanda ya kafa doka ya zama shi zai kama ka, shi kuma zai yanke maka hukunci."

Ya faɗi haka, sai ya rufe littafin. Na san inda hankalinsa ya tafi, don nawa ma can ya tafi.

Shekara arba'in ke nan, shekarar babban fari. Ina da ashirin da uku, na yi aure, matata Rabi tana goyon ɗanmu na fari, Sale. Habu yana da goma sha takwas. Kakar da ta gabata ba mu samu abin kirki ba, kafin sanyi ya wuce tuwon gero ya ƙare a gidanmu. Baba ya ware dami shida na iri ya sa a ƙaramin rumbu, ya ɗaure murfin, ya ce ko mutuwa za a yi ba mai taɓa su. Ni da Habu muka tafi cin rani Kano, muka yi dako muka yi ga-ruwa, muka dawo da buhun garin rogo ɗaya da rabi. Gidan mutum tara, bai yi wata biyu ba.

Ruwan farko ya zo da wuri, muka fita da sungumi muka shuka dami biyu. Rana ta ƙone shi. Bayan sati uku aka yi wani yayyafi, muka sake zuba biyu, iska mai zafi ta taso ta binne tsiron da yashi. Saura dami biyu a rumbu, su ne duk abin da ya rage tsakaninmu da barin gari.

Ga yadda wuni yake a lokacin. Da an sallame asuba Inna da sauran mata su ɗauki ƙwarya su nufi daji neman 'ya'yan itacen anza da ganyen jiga. Anza ɗaci gare ta kamar maɗaci, sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ta ciwu, ga ruwan ma ya zama abin nema. Mu maza mu tafi rijiya. Guga sai ya daɗe a ƙasa kafin ya ɗebo rabin laka. Da rana kowa ya nemi inuwa ya kwanta, don motsi ma yunwa yake ƙarawa. Da yamma a dafa ganye a barbaɗa dusa, in akwai ɗan gishiri a sa. Cikinka zai cika, amma da ka miƙe tsaye sai ka ga duhu. Awaki sun mutu, jakinmu muka sayar wa wani mahauci. Yara suka daina wasa a dandali. Abin da na fi tunawa shi ne shirun turmi: gari guda, tun safe har dare ba ka jin ƙarar taɓarya.

Sau ɗaya aka kawo taimakon jar dawa garin Dungas, aka ce daga Amurka take. Muka yi tafiyar ƙafa muka yi layi cikin rana, abin da gidanmu ya samu kwana biyar ya yi. Ranar na fara jin sunan ƙasar a bakin mutanen ƙauye.

Rijiyarmu ba ta ƙafe gaba ɗaya ba saboda mutum ɗaya, Tanko mai ginin rijiya. Baƙo ne, daga wani gari na arewa ya zo shekara uku kafin farin, shi da matarsa da 'yarsu Zinaru mai shekara bakwai. Ba shi da gona, ba shi da dangi a garin. Bukkarsa tana can gefen gari bayan rumbunanmu. Duk bayan kwana biyu sai mu ɗaura masa igiya a ƙugu mu zura shi, ya yi ta haƙa a cikin duhu yana ciko guga da laka muna ja. In ya fito jikinsa rawa yake yi. Ladansa ɗan abin da kowane gida ya iya, wani lokaci ba komai sai godiya.

Da aka fasa rumbuna biyu a ƙauyen da ke gabas da mu, maigari ya tara maza a gindin tsamiya. Ya ce jandarma, 'yan sandan gwamnati, suna garin Magarya, babu dabbar da za ta kai mutum can, saboda haka daga yau duk wanda aka kama da hatsin sata a nan za a ɗaure shi, a nan za a yi masa hukunci. Muka ce mun yarda. Har da ni na ɗaga murya.

Kwanaki bayan haka hadari ya fara haɗuwa a gabas, kullum sai ya taso ya watse. Wata safiya Inna ta yafa zane ta ce za ta Yekuwa wurin yayanta ta roƙo dusa. Baba ya ce ta bari rana ta yi sanyi, ta ce a'a, yanzu za ta tafi. Kashegari da asuba ruwa ya kece, ruwa na gaske, har ya kwanta a tsakar gida. Ƙamshin ƙasa ya cika gari. Baba yana dariya, abin da muka daɗe ba mu gani ba, ya ce, "Lawali, hau ka sauko da irin nan."

Na hau, na kwance murfin, na leƙa. Igiyoyin damin suna nan a kwance, da 'yan karare, da kashin ɓera. Babu zangarniya ko ɗaya.

Baba bai yarda ba sai da ya hau da kansa. Da ya sauko sai ya zauna cikin laka ya riƙe kai. Kafin hantsi gari ya taru. Wani ya ce ya ga ƙaiƙayi bayan dangar Tanko. Wata ta ce jiya ta ga hayaƙi a bukkarsu har sau biyu. Ba wanda ya ce a je, kawai sai muka ga muna tafiya. Aka yaye tabarmar ƙofar, aka fito da wata 'yar ƙwarya da gero a ciki, bai fi cikin tafin hannu biyu ba, gauraye da yashi da ƙananan tsakuwa.

Matar Tanko ta durƙusa ta ce, "Gidan tururuwa na haƙa na samo shi, wallahi. Ku zo in nuna muku ramin, yana can bayan gonaki."

Ba wanda ya bi ta. Maigari ya karɓi ƙwaryar ya ɗaga ta sama ya ce, "Kun ji abin da na faɗa ran nan. Ga hatsi, ga mai shi. A ɗaure shi."

Ni na kawo igiyar. Tasa ce, wadda muke zura shi da ita, tana rataye a bakin bukkar. Ni na zagaya da ita ƙirjinsa da jikin tsamiya sau uku, na ja na ƙulle. Bai yi kokawa ba, ba shi da ƙarfin yi. Ya dube ni ya ce, "Lawali, kai ma?" Na kau da kai.

Rana ta take, ƙasar da ta sha ruwa tana fitar da tururi. Baba ne ya fara, da sandarsa, a kafaɗa. Daga nan ban iya cewa wane ya bi wane. Mutanen da ba sa iya ɗaga guga sai ga su suna ɗaga itace. Ana dukansa a haƙarƙari, a gwiwa, a hannuwan da yake ƙoƙarin kare fuska da su. Na ji ƙarar yatsunsa sun karye. Leɓensa ya fashe, jini ya bi gemunsa ya sauka kan igiyar. Tun yana cewa a je a ga ramin, har ya koma kiran sunan Allah kawai. Ni ma na doke shi, sau biyu, da reshen tsamiya. Ana ta tambayarsa ina sauran, ina ya ɓoye, shi kuwa ba shi da abin da zai nuna.

Habu ya tsaya a baya da farko. Sai wani ya ce masa, "Irin ubanka ne fa, kai ka tsaya kallo?" Ya shigo da ƙotar sungumi a hannu, ya ɗaga ta da hannu biyu ya sauke ta a gefen kan Tanko, saman kunne. Ƙarar ba ta da yawa. Kan ya langaɓe, jini ya fara fitowa ta kunnen, a hankali. Nan kowa ya ja da baya.

Da muka kwance shi yana numfashi. Ya ce ruwa. Matarsa ta kawo a ludayi, ya kasa haɗiyewa. Kafin la'asar ya cika. Mu da muka doke shi mu muka yi masa wanka, muka yi masa salla, muka kai shi.

Rana tana gab da faɗuwa Inna ta shigo gida, ƙafafunta duk laka, da ƙulli a gefen zane. Ta kwance a gaban Baba. Gero ne, iri, wajen rabin tiya. Ta ce, "Malam, ka yafe mini. Na ga hadari na san za ka buɗe rumbu, shi ya sa na je na roƙo wannan. Ni na kwashe wancan."

Wata biyu ta yi tana ɗiba. In mun tafi rijiya sai ta hau ta zaro zangarniya uku ko huɗu, ta murje da hannu, ta niƙa a dutse don kada a ji daka, ta dama wa Rabi kunu ta ce daga Yekuwa aka aiko. Nonon Rabi ya ƙafe a lokacin, Sale har ya daina kuka. Kunun nan ne ya dawo da shi. Yau Sale yana da 'ya'ya shida.

Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya gaya mata abin da aka yi da rana. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta yi kwana uku ba ta fito ba. Baba ya ce da ni da Habu da Rabi, "Maganar nan ta mutu a gidan nan." Kashegari muka shuka rabin tiyar.

Bayan sati ɗaya jandarma biyu suka zo da mota, don labari ya kai Magarya. Maigari ya ce rijiya ce ta rufta da mutumin. Aka kira mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce rijiya. Matar Tanko ba a kira ta ba, ta riga ta ɗauki 'yarta sun bar gari. Damunar ba ta yi albarka ba, amma mun samu abin da ya kai mu sanyi. Da kaka Habu ya tafi Kano, daga can Legas, bai ƙara zama a gida ba.

Wannan shi ne abin da ke tsakanina da shi a gindin bedi bana. Baba ya rasu, Inna ta rasu, maigarin ma ya daɗe a ƙasa. Kashegarin hirarmu ta farko Habu ya sake buɗe littafin, ya ce akwai gyare-gyare goma na farko da aka yi wa tsarin mulkinsu, su ne haƙƙin talaka. Mutum ya faɗi ra'ayinsa, ya yi addininsa. In an zarge shi, ba a taɓa lafiyarsa sai an kai shi gaban alƙali. A tara mutane cikin jama'ar gari, yawanci goma sha biyu, su saurari mai ƙara su saurari wanda ake ƙara. A ba shi lauya ko ba shi da ko dala. Ya kira shaidunsa a ji su.

Na ce, "Kuma haka suke yi?"

"Ba kullum ba, Yaya. Na ga ɗan sanda ya taka wuyan mutum a titi. Su ma a da sun sha taruwa su rataye baƙin mutum a bishiya ba shari'a. Amma abin yana rubuce, wanda aka zalunta yana da inda zai nuna da yatsa." Sannan ya ƙara da cewa, "Da an bi matar nan an ga ramin, tafiyar minti goma ce."

Sai ya zaro wata takarda daga tsakiyar littafin. Ya ce ita ce ake cikawa kafin jarrabawar, kuma a ciki an tambaya ko mutum ya taɓa sa hannu a kisan wani, ko ya ji wa wani mummunan rauni da gangan. Shekara biyu ke nan takardar tana wurinsa, ya cike ko'ina ban da nan.

"Ka rubuta a'a mana," na ce. "Wa ya sani? Waɗanda suka gani saura mu nawa?"

"Hannu zan ɗaga in rantse, Yaya. Na yi ƙarya gaban jandarma ina yaro. Yanzu ina da furfura." Ya ninke takardar. "In na koma zan gaya wa lauya komai, in sun hana ni sun hana. Amma ba su ya kamata su fara ji ba. Ina Zinaru?"

Na san inda take, duk shekarun nan na sani. Tana aure a Yekuwa, tana soya ƙuli-ƙuli, na sha hango ta a kasuwa in sauya hanya. Ran Laraba muka hau moto muka je. Muka same ta a tsakar gida tana matse tunkuza, mai yana bin hannunta. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ba ta zauna ba. Habu ya fara magana, ni na ƙarasa. Na gaya mata komai, har da Inna da kunun.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Malam Lawali, ina bayan danga ranar. Na ga wanda ya kawo igiya, na ga wanda ya ɗaga ƙota. Ba labari kuka kawo mini ba. Wanda ya kwashe geron ne kawai ban sani ba sai yau."

Habu ya ce, "Ki yafe mana, ko me kika ce mu yi za mu yi."

"Uwata ta mutu ana ce mata matar ɓarawo. Bara waccan da ɗana ya nemi aure a wajenku, aka ce a bincika, jikan ɓarawon rumbu ne, aka hana shi. A gaban gari aka ce ubana ɓarawo ne. A tsakar gidana kuke so ku wanke shi?" Ta koma kan tunkuzarta. "Jibi Juma'a. Zan zo."

Daren Alhamis na gaya wa Rabi da Sale abin da zan faɗa a masallaci. Sale bai taɓa ji ba. Ya ce, "Baba, sunan Kaka fa?" Na ce na sani.

Ran Juma'a da liman ya sallame na miƙe kafin mutane su watse. Na ce ina da magana a kan Tanko mai ginin rijiya. Samari suka dubi juna, ba su san sunan ba. Na ce ba rijiya ce ta kashe shi ba, mu ne, a gindin tsamiyar can. Na ce bai saci komai ba, mahaifiyata ce ta ɗebi irin don ta ceci jikanta, kuma gidanmu ya san haka tun ranar da aka binne shi. Habu ya tashi ya tsaya kusa da ni ya ce shi ya yi bugun ƙarshe. Cikin tsofaffi huɗu da suka rage daga wancan taron, ɗaya ya ɗauki takalmansa ya fita. Biyu suka sunkuyar da kai. Na huɗun, wanda ya ce ya ga ƙaiƙayi, ya ɗaga hannu daga inda yake zaune ya ce, "Ni ma na doke shi."

Da muka fito Zinaru tana zaune a kan amalanke a bakin masallaci, ɗanta yana riƙe da linzamin jaki. Ta ji komai ta taga. Na matsa na tsaya kusa da amalanken.

Ta ce, "Na ji. Yanzu ku nuna mini kabarinsa, ban taɓa sanin inda yake ba."

Muka wuce gaba, ni da Habu, amalanken yana bin mu a baya. Sai da muka isa maƙabarta na tsaya ina dube-dube. Wurin duk ya baje, sabara ta rufe shi, ba mu sa ko dutse ba a lokacin. Na nuna wani wuri, Habu ya ce a'a, ya fi nan gabas. Zinaru ta sauko ta dube mu, ni da shi. Sannan ta cire takalmanta, ta durƙusa a tsakanin wuraren biyu, ta ɗaga hannu ta fara addu'a.